Zoɓo a Salak ɗin Turkawa

Maƙwabciyata a Greensboro Baturkiya ce, ita ta koya min salak ɗin dankalin turawa irin nasu: dafaffen dankali, albasa, man zaitun da lemun tsami, ba ko ɗigon mayonez. Sai wani jan gari mai tsami da suke kira sumak. Ta ɗaga min yatsa ta ce in babu shi, kar in kuskura in ce nasu ne.

Ranar da girkin buɗe-baki na masallaci ya zagayo kaina, na tarar sumak ɗin da ta ɗiba min ya ƙare. Maigida kuma ya tafi aiki garin McLeansville da mota, ba halin in je in sayo. Haushi ya kama ni. Don garin tsami zan ji kunya? Na ɗauko busasshen zoɓon da Inna ta aiko min daga Maraɗi, na daka shi luƙui, na barbaɗa.

A masallaci Baturkiyar ta ɗanɗana, ta lumshe ido, ta ce rabonta da sumak mai kyau haka tun gidan kakarta. A ina na samo? Na ce daga gida aka aiko min. Ai ban yi ƙarya ba.

Wata Hajiya 'yar Kumasi da ke gefena ta tauna, ta kalle ni, ta raɗa min: "'Yata, wannan ba zoɓo ba ne?"

Na ƙara mata cokali uku. Har yau ba ta tona ba.