Kilishin da Goggo Ta Aiko

Ina shekarata ta uku a Alƙahira, muna haya mu huɗu a Abbasiya, Goggo ta aiko da kilishi ta hannun wani ɗalibi da ya dawo daga hutu. Ba nawa ba ne, na ɗanta ne.

Goggo yayar babana ce, Kirista ce kamar rabin danginmu, kuma a bayanta na yi wayo. Ɗanta namiji ɗaya ne, taubashina, wanda tun muna yara nake ce masa bawana yana ce mini nasa. Ya riga ni zuwa Masar karatun harhaɗa magani. Da ya gama, maimakon ya koma gida, sai ya shige gidan sufayen Kibɗawa, Kiristocin Masar, a cikin hamada, wanda Misirawa ke kira dair. Shekara uku ke nan, babu waya, sai wasiƙa jefi-jefi. Mu duk mun ɗauka wata makaranta ce, in ya gama zai fito da takarda.

Ranar da kilishin ya iso Goggo ta kira ni. Ta ce likita ya gaya mata idonta na dama ya tafi, na hagun ma yana bin sahu.

"Ka je ka ce masa ya zo in gan shi tun ina gani. In ya so ya koma. Ni dai in gan shi."

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ko a kafaɗa ne zan ɗauko mata shi. Da bakina na faɗa, har da dariya.

Ashe ba a zuwa dair haka kawai. Sai an karɓi takardar izini a wani ɗan ofishinsu da ke cikin gari. Na je ina ɗari-ɗari, na tabbata da zarar sun ga sunana na Musulmi a fasfo za su sallame ni. Wanda na tarar dattijo ne mai tabarau, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa. Ya duba fasfon, ya dube ni, ya sa aka kawo mini shayi. Sunana bai dame shi ba ko kaɗan. Abin da ya ce shi ne sun shiga babban azuminsu, ƙofar dair a rufe take ga baƙi, sai bayan Ista.

Na ce masa uwa ce ke makancewa. Ya ce, "Ma'alish, ya ɗana," wato in yi haƙuri. Na ɗaga murya, na faɗi maganganun da ba zan maimaita ba. Ya bar ni na gama, ya sake cewa ma'alish. Ban taɓa jin haushin kalma kamar wannan ba.

Mako bakwai na yi ina gadin kilishi. Abokan zamana kuwa, masu haddar littattafan fiƙihu, har fatawa suka ba ni cewa amanar da ake tsoron lalacewarta halal ce a ci. Na saka shi a akwati na kulle. A tsakanin nan na sayi doguwar riga mai kauri, don an ce hamada da sanyi, na kuma tsara maganar da zan yi wa bawan nawa: zagi kaɗan, tsokana kaɗan, sannan idon Goggo.

Bayan bikinsu da kwana biyu na koma. Dattijon ya gane ni. Ya jawo wani babban littafi, ya bi layi da yatsa, ya rufe, ya jawo wani. Sai na ga fuskarsa ta washe.

"Mabruk! Ɗan'uwanka lafiyarsa ƙalau. An naɗa shi rahib a cikin azumin nan."

Na ce to madalla, ya gama ke nan, yaushe zai fito?

Ya cire tabaransa. Ya buɗe wayarsa ya miƙo mini wani hoto. Mutum biyar ne kwance a ƙasa a gaban coci, a miƙe, an lulluɓe su da mayafi ɗaya tun daga kai har ƙafa. Limamai na tsaye a kansu da littattafai da turare.

"Na biyu daga dama," in ji shi. "Wannan addu'ar jana'iza ce ake karanta musu. Haka muke yi. Mutum yakan mutu ga duniya, ya tashi da baƙaƙen kaya da sabon suna. In ajalinsa ya zo ma, an riga an yi masa babbar."

Na ƙura wa hoton ido. Tafin ƙafa ne kawai ya leƙo daga mayafin, baƙi a cikin farare, kuma na san ƙafar. Da ita ya sha harbina a filin ƙwallo. An yi wa ɗan Goggo jana'iza, ina nan cikin gari ɗaya ina gadin kilishi, babu ko mutum ɗaya na gidanmu a wurin.

Na tambaya ko zai iya zuwa gida ko na mako guda. Dattijon ya ce sabon rahib ba ya fita. Wasu ko rasuwar iyayensu ba sa zuwa. Na ce hoto fa? Ya ce sai in shi ya yarda, kuma da wuya sababbi su yarda. Wannan karon ban yi faɗa ba.

Ya rubuta takardar. Yini ɗaya, ranar Asabar, daga safe zuwa la'asar. A gurbin wanda za a ziyarta ya sa wani suna da ban taɓa ji ba. Na ce ya ƙara sunansa na gida ko a gefe ne. Ya ce mai gadin ƙofa ba zai san wanda nake nufi ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci na shirya jaka: takarda, fasfo, rigar sanyi, kilishi. Na daɗe ina juya waya kafin na kira Goggo. Na so in yi mata ƙarya, amma matar da ta goye ka tana jin ƙarya tun daga sallama. Na gaya mata komai, har mayafin.

Da na gama, abin da ta fara tambaya shi ne:

"Wa ya tsaya masa?"

Na ce babu kowa, Goggo.

"Sunan fa? Faɗa mini."

Na karanta mata daga takardar. Ta gwada sau biyu, harshenta ya ƙi. Sai ta bari.

"To, ji nan. Gobe kada ka yi masa faɗa, na san halinka. Kada ka gaya masa zancen idona. Ka ba shi kilishinsa, ka zauna kusa da shi. Ka dube shi da kyau, ka ji? Ko ya rame, ko gemun ya cika, ko tabon goshinsa na nan. Ka duba a hankali, kada ka yi sauri. In ka dawo sai ka faɗa mini."

Na ce to, Goggo.