Hutun Sylvanus

Sylvanus ya baro Pankshin yana saurayi, ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har ta durƙushe, daga nan wata masana'antar buhuna a Kudenda ta ɗauke shi. Shekara ashirin ke nan shi ke tayar da tsohuwar kwamfutar da ke juya injin buga tambari a jikin buhu.

Babbar manhajar da ke cikinta marainiya ce. Kamfanin da ya yi ta ya sha alkawarin sabon zubi, har kalanda ya aiko mai hotonsa, sai aka sayar da kamfanin, masu saye suka watsar da zancen. Ita kuwa kwamfutar, in ta ga shekara ta wuce 2004, ƙememe take ƙin tashi. Kullum da safe Sylvanus kan mayar da agogonta baya, yana kare allon da kafaɗa. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya san duk ranar da aka gane, ranar za a tuna da furfurarsa.

Shi ya sa da Dalhatu, ɗan mai masana'antar, wanda a da ko kallo bai ishe shi ba, ya fara gaishe shi har da rusunawa, hankalinsa bai kwanta ba.

"Baba, ka ɗan huta mana sati biyu. Sai dai ka rubuta mana yadda ake tayar da ita."

Ya rubuta tsaf, layi goma sha ɗaya. Maganar agogo kuwa bai saka ba, ya bar ta a ransa.

A unguwarsu Romi ya zauna ƙofar gida, waya a cinya, yana jiran a kira a ba shi haƙuri. Matarsa ta ce da wayar nan ƙwai ce da tuni ta ƙyanƙyashe. Litinin shiru, Talata shiru. Ran Laraba ya ce zai je aski, ya zarce Kudenda.

Tun daga bakin katanga ya jiyo injin yana aiki lafiya lau. Ta taga ya hango Patience, mai ɗinke bakin buhu, zaune a kujerarsa. Patience da ta yi shekara shida tana kawo masa kunu ƙarfe bakwai daidai, lokacin da yake tayar da kwamfutar, ta tsaya a bayansa har ya shanye ta karɓi kofinta.

Ta ɗago ta gan shi, ta yi murmushi.

"Sannu da hutu, Baba. Gobe in kawo maka kunun gida?"

Ya tsaya jikin tagar. Yana can yana tuna shekarar da Dalhatu ya karɓi ofis daga hannun mahaifinsa. Bana shekara shida ke nan.