Geji da Motar Auta

A layinsu ba mai kiransa da sunansa na yanka, Geji ake ce masa. Direban babbar motar fasinja ne da ya bar aiki, kuma abin da ya rage masa daga waccan rayuwa shi ne ciwon baya da wani ɗan ƙarfe mai kama da biro, gejin auna iskar taya. A aljihun gaba yake ajiye shi. Idan ya danna shi a bakin bawul, wato inda ake sa wa taya iska, sai wani farin tsinke mai lambobi ya fito daga gindinsa, shi kuma ya ɗaga shi sama ya karanta kamar likita.

Yana da doka guda wadda duk wanda ya taɓa zama da shi ya haddace: ba a auna taya da zafinta. Tafiya tana kumbura iska, geji ya nuna fiye da abin da ke ciki. Sai an jira ta huce.

Wannan doka ita ta ba shi 'yarsa Auta. Tun da ta fara aikin jinya ta sayi wata tsohuwar mota, kowane ƙarshen mako takan zo ya duba mata tayoyi. Da yake taya ba ta hucewa nan da nan, sai ta zauna a kan bencin ƙofar gida, uwarta ta kawo shayi, ta ba su labarin asibiti har inuwa ta juya. Bai taɓa cewa yana son zaman ba. Cewa yake yi taya ce ba ta huce ba.

Sai mijinta ya saya mata sabuwar mota.

Ranar da suka kawo ta a sa albarka, surukin ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe masa ƙofa ya nuna masa allon da ke bayan sitiyari. Ga hoton mota, ga lamba a gefen kowace taya.

"Baba, ka huta," in ji shi cikin ladabi. "Ita da kanta take auna iskarta. Idan ta ragu, wata fitila ce za ta kama."

Geji ya ce ma sha Allah. Ya shafa aljihunsa. Da suka tafi bai ci abincin rana ba.

Daga nan zuwan Auta ya ja baya. Takan buga waya, takan aiko da magani, amma bencin ya zama wurin kwanan kyanwar maƙwabta. Geji ya shiga bin diddigin irin waɗannan motoci. Duk mai facin da ya ce masa ya taɓa ganin wadda fitilarta ta kama alhali taya lafiya lau, sai ya dawo gida fuska a sake. Wanda kuwa ya yabe su, sai Geji ya daina tsayawa a rumfarsa.

"Malam, mota fa ce," in ji matarsa. "Ba ta san ma kana yi ba."

"Wa ya ce ina wani abu da ita?"

"To me ya sa in an ambace ta kake tsuke baki kamar ka sha maganin zazzaɓi?"

Wata rana da yamma Auta ta biyo daga wurin aiki, a tsaye, injin ma ba ta so ta kashe. Kafin ta gama gaida uwarta, Geji ya riga ya tsuguna a gindin tayar baya. Robar tana ƙona hannu. Ya sani sarai, amma ya danna gejin. Tsinken ya wuce lambar da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

"Kin gani ko? Iska ta yi yawa. Malamar taki ba ta faɗa miki ba?"

"Ba ta ce komai ba, Baba."

"Ina za ta ce. Ai sai an yi ƙasa take magana."

Ya sa farce ya danna bawul. Iska ta yi ta tsiyaya, shi kuma yana kallon allon ta tagar mota, yana jin wani daɗi a ransa. Hannunsa ya daɗe a wurin fiye da kima. Auta ta dube shi, ta shiga mota ta tafi.

Washegari da hantsi sai ga motar a ƙofar gida, wata fitila ruwan ɗorawa tana ci a allon. Geji ya fito ya gan ta. Bai yi tunanin mota ba a lokacin, titin da Auta ta biyo ya tuna, da manyan motocin da ke kansa.

"Da safe ta kama," in ji Auta. "Maigidana ya ce in kai wa mai faci. Na ce ina da nawa a gida."

Geji ya zaro geji da sauri, ya nufi tayar.

"A'a, Baba. Yanzu na tsaya. Ba a auna taya da zafinta."

Ya tsaya cak. Daga cikin gida ya ji matarsa ta yi wani tari wanda ba na mura ba. Auta ta kori kyanwar, ta karkaɗe bencin da gefen mayafinta, ta zauna ta cire takalmi.

Suka sha shayi. Ta ba su labarin wani tsoho da ya ƙi yarda da na'urar gwajin hawan jini sai an kawo masa ta hannu, uwar ta yi dariya har da hawaye, Geji ya ce shi bai ga abin dariya ba. Sai da ya taɓa robar sau da yawa kafin ya yarda ta huce.

Ya auna. Iskar ta yi ƙasa sosai, kamar yadda motar ta ce. Gejinsa ya ce ashirin da shida, allon ya ce ashirin da biyar.

"Ta yi kuskure da ɗaya," in ji shi.

"Ko kuma naka ne ya tsufa," in ji matarsa.

"Wannan? Wannan ya girmi mijin Auta."

Ya ɗauko famfon ƙafa ya hau bugawa, bayansa yana ƙara, bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Da Auta ta tada mota ta ɗan gusa, fitilar ta mutu.

"Tunda ba ku daidaita ba, sai in riƙa kawo ta kuna gwadawa," ta ce ta taga. "Amma da sanyinta, Baba."

Ya ce to, in ta samu lokaci. Ya bi motar da harara har ta sha kwana, sannan ya goge gejin da bakin rigarsa ya mayar aljihu.