Kujerar Ƙarfe a Ɗakin Iya

Ranar wata Juma'a a tsakiyar damina, shekarar da nake aji uku na firamare, rufin ɗakin Iya ya rufta. Da hantsi ne, mazan gidanmu na Dagumawa duk sun tafi kasuwar Wudil, mu kuma muna tsakar gida muna tsinkar zogale a kan tabarma. Ruwa ya kwana yana zuba. Sai muka ji rugum, muka waiwaya, ga hasken rana a cikin ɗakin da bai taɓa ganin rana ba. Iya, kakata ta wajen uba, tana zaune kusa da ni da ganye a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta yi salati, ta leƙa gadon da muka tashi a kansa da asuba, azara da jar ƙasa sun danne shi, sannan ta damƙi hannuna ta riƙe har sai da ya yi mini zafi.

Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa a gidan yake ce mini Ummi, kuma tun da aka yaye ni aka miƙa mata ni. Ni ke daka mata goro a ɗan turminta, ni ke ɗauko mata buta, ni ke sa mata zare a allura. Ita kuma ta ɓoye mini ɗumame, ta tare mini faɗa idan na tsaya 'yar carafke na bar tulu a bakin rijiya. Duk duniya ba ni da kamarta, ban kuma taɓa tunanin akwai abin da zai raba mu ba.

Baffa Sani, autanta, injiniyan gini ne a Kano, suna gina manyan sito-sito na ƙarfe. Da ya zo ya duba ɓaraguzan, ya nuna wa babana cewa azarar ba a tsakiya ta karye ba, gara ce ta cinye kawunanta daidai inda suka shiga bango. "Gini daga mahaɗa yake cin amanar mutum," in ji shi. Ya rantse mahaifiyarsa ba za ta ƙara kwana a ƙarƙashin abin da gara ke ci ba. Ya kawo ragowar ƙarafa daga wani aiki da suka gama, aka kafa na tsaye a kan siminti, mazan unguwa suka taru suka ɗaga na kwance da igiya. A jikin kowane na tsaye an yi waldar wani faifan ƙarfe mai huji-huji, a nan aka jingina gefen na kwancen, aka zura ƙusoshi masu kauri aka ɗaure su da noti. Mu yara ba mu da aiki sai zagaya wurin. Ana korar mu kada mu kalli wutar walda, mu kuwa mu leƙa ta tsakanin yatsu, washegari mu tashi ido na ƙaiƙayi kamar an zuba yashi.

Bayan an yi girbi aka gama ɗakin, da bulo da kwano, sai dai ba a yi sili ba, ƙarafan suna fili. Na ɗauko tabarma da fitila ina gaba ina rawar kai. Iya ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon sama, sannan ta ce, "Auta, wannan ƙarfen a kan me yake zaune?" Baffa ya yi mata bayanin ƙusoshin, ya ce kowace ɗaya za ta iya ɗaukar abin da ya fi nauyin rufin nan. Ta ce ita tun da ta yi wayo, duk abin da ke kwance a sama kan wani abu yake hawa, ko bango ko dirka mai gwafa, wannan kuwa a rataye yake ta gefe kamar ƙwarya a jikin danga. Ta juya ta koma ɗakin innata inda take raɓe tun damina.

An yi lallashi har an gaji. Baffa ya sa samari suka hau ƙarfen suka zauna suna lilo da ƙafa, ko gezau bai yi ba. Iya ta ce, "Ban ce ba shi da ƙarfi ba, na ce bai zauna ba." Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma kafiya irin ta Iya kowa ya san da ita. Ga shi ta ce ta gaji da takura wa suruka, don haka ta aika wa ƙaninta na Utai cewa ya turo a ɗauke ta. Ni kuwa babana ya ce makaranta ba za ta bar ni na bi ta ba. Na ga an ƙulle kayanta a zane har da ɗan turmin goron, na daina cin abinci, na daina fita gaɗa. Tsoro na ji ƙwarai, irin wanda ban ji ba ko ranar da rufin ya faɗo.

Ana gobe tafiyar, da la'asar, na iske Baffa a rumfar awaki yana shafa dirka, yana kallon yadda itacen kwance ya lafe a cikin gwafarta. Na buɗe baki zan yi magana, kuka ya riga ni. Ya share mini fuska da bakin rigarsa, ya ce a wajen aikinsu ma hanya biyu ce: ko a ɗaure ƙarfe ta gefe, ko a yi masa kujera ya hau, kuma duka biyun daidai ne. "Ni na zaɓi wadda na saba da ita, Ummi, ban zaɓi wadda za ta bar Iya ta yi barci ba."

Da sassafe ya hau babur ya nufi Wudil, ya dawo da mai walda a bayansa da wasu gutattakin ƙarfe masu kusurwa. Aka manna su a jikin na tsaye, daidai ƙarƙashin na kwancen, har suka tokare shi. Ana cikin aikin ɗan ƙanin Iya ya iso daga Utai, ya jingine babur ɗinsa a ƙofar zaure. Aka kira Iya. Ta zari tsinke daga tsintsiya ta miƙa mini, ta ce Baffa ya ɗaga ni sama in tura shi tsakanin ƙarfen da kujerarsa. Na tura, tsinken ya lanƙwashe ya karye bai shiga ba. Ta sa aka kai ni ɗaya gefen, nan ma haka. "To, yanzu ya zauna," in ji ta. Ta ce a kai wa baƙo fura ya sha ya koma ya gaishe da mutanen Utai, ni kuma in je in kwance ƙullin kaya. Baffa na dire ni ƙasa na ruga ɗakin innata.

Iya ta yi sauran rayuwarta a ɗakin nan, ina gefenta har na yi girma. Yanzu buhunan dawa ake ajiyewa a ciki, an kuma yi sili ya rufe komai. Gine-ginen ƙarfe sun cika bakin titin Wudil, gidajen mai da rumfunan kaya, mutane na shiga suna fita ba mai ɗaga kai. Ni kam har gobe in na shiga irinsu sai na dubi mahaɗar, in ga ko an yi wa ƙarfen kujera. Na san ƙusoshin nan sun isa su riƙe rufin Iya, amma kujerar ce ta riƙe mini ita.