Hular sanyi a zafin Jidda

Jiya ina gyara ɗaki na ci karo da hular sanyin marigayi Baba. Ƙanena da ke buga ƙwallo a Suwidin ne ya aiko masa, shekarar da kulob ɗinsu ya kusa faɗawa rukuni na biyu. Duk ranar wasa sai Baba ya kafa ta, gumi na tsiyaya, yana ba maƙwabtanmu na unguwar Waziriyya labarin 'yan wasan: wanda aka sayar, wanda gwiwa ta kassara.

Wata rana ina kai shi asibiti na ce, "Baba, ni fa?"

Ya ce, "Halas, bar zancen, kai ai kana nan."

Har yau maganar tana cina, amma na kasa wanke hular. Allah Ya sanyaya makwancinsa, ni kuma Ya yaye mini kishin nan.