Mutanen da Inna ta Bari a Cikin Dutse

Shekarar da tsuke bakin aljihu ya rufe masaƙar da Baba ke aiki a Kano, ya dawo Getso ya yi kwana tara, sannan ya gangara Abeokuta neman abin yi. Wasiƙa biyu ya aiko. Daga nan shiru.

Mahaifiyarsa, Inna Dije, ta san garin, don ta zauna can lokacin da kakanmu ke fataucin goro. Tun da wasiƙa ta yanke, sai ta jingine tatsuniyoyin da muka saba. Bayan isha'i mukan kewaye murhu, ita tana ta tsokanar wuta da kara. Ko akuya ce ta motsa a zaure sai ta waiga.

Labarin ɗaya ne kullum. Yaƙi ya koro Egbawa, Yarabawan Abeokuta, suka shige ƙarƙashin dutsen Olumo da ke can. Mata na daka a ramukan dutse, ana lallashin jarirai kada su yi kuka, maharba na sama suna duban hanya.

"To Inna, yaushe suka fito?"

"Kai dai Allah ya zuba maka gaggawa. Suna nan ciki, suna cin tuwonsu."

"To ki ce ƙurunƙus mana."

"Ba a rufe labari da sauran mutum a waje. Ku tashi ku kwanta."

Haushi kamar ya kashe ni. Ko yaron goye ya san da ƙurunƙus ake rufe tatsuniya, amma har ta rasu ba ta faɗa ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ana ta raɗe-raɗin rikici a Kudu, mutanenmu na tattaro kaya suna dawowa, ni kuwa na bi motar shanu na gangara. Na kasa ƙara jira. Na zaga Sabo, unguwar Hausawan Abeokuta, da hoton Baba, har wani tsohon mahauci ya kai ni maƙabarta. Zazzaɓi ne ya yi ajalin Baba, tun a shekarar farko.

Kafin in juyo na hau dutsen. Ga ramukan dakan nan, ga gari shimfiɗe a ƙasa, wanda masu ɓuyan suka fito suka gina. Ashe Inna ta fi kowa sanin sun fito, ai a kasuwar jikokinsu ta yi cefane. Ɗanta ne ta ajiye a ciki, inda ba abin da zai same shi.

Na daɗe ina mata kallon mai taurin kai. Ranar da na dawo Getso, mahaifiyata ta tare ni a zaure tana duban bakina. Sai na ji harshena na shirin cewa yana nan lafiya.