Kwalbar Baba Garwashi

A garejin da ake gyaran manyan motocin haya, babu wanda ya tuna ranar da aka fara kiransa Garwashi. Sunan ya bi shi tun yana saurayi, har furfura ta cika masa kai aka ƙara masa Baba a gaba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa sun sha baƙin mai har sabulu ya sallama musu. Aikinsa birki ne, kuma ya iya. Amma in ka tambaye shi abin da yake taƙama da shi a duniya, ba zai ce maka birki ba. Aljihun rigar aikinsa zai laluba, ya zaro wata 'yar kwalba mai jan murfi, ya ɗaga ta ya nuna maka.

Miyar barkono ce a ciki, ja wur, mai na yawo a samanta. Da ita yake cin komai: shinkafa, burodi, dafaffen ƙwai, kai har ayaba an taɓa kama shi yana dangwala mata. Miyar kanti kuwa, irin ta dogayen kwalabe masu hoton wuta a jiki, ya ce ta yara ce. Ya ɗanɗana kusan kowace iri, kuma kowacce yana da sunan tsiyar da ya laƙaba mata. Wata ya ce tsami kawai ta iya, wata ya ce zafinta a takarda ya tsaya.

Yadda ake haɗa tasa ba ya canzawa. Ranar hutunsa zai tafi kasuwa wurin Dogo mai barkono, abokinsa tun suna samari. Zai tsuguna gaban kwandon attarugu ya riƙa zaɓa ɗaya-ɗaya, yana murzawa, yana shinshinawa, wani ma ya gatsa ya tofar. Dogo na ta tsokanarsa wai ko mata ba a yi wa irin wannan zaɓen. Daga nan ya hau matattakala zuwa ɗakunansu biyu a saman bene, matarsa na tsaye a bakin kicin da farar roba a hannu, ya juye mata. Iyakar aikinsa ke nan. Washegari, yana wurin aiki, ita za ta niƙa da tafarnuwa da gishiri, ta soya a mai, ta matsa lemun tsami, ta cika kwalba. A shekarun farko, ranar suyar nan duk benen tari yake yi. Tsohuwar da ke ƙasansu har sanda take buga wa silin.

In ya dawo da yamma, kafin ya cire takalmi, matar za ta miƙo masa cokalin farko. Ya lasa, gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya lumshe ido ya ce, "Hannunki dai, Maman Auta." Ita kuma ta ce, "Zaɓenka dai, Baban Auta." Ba mutum ba ne mai iya daɗin baki. Duk soyayyar da ya iya furtawa a rayuwarsa, a cikin wannan cokalin take.

A gareji kuma akwai al'ada. Duk wanda aka ɗauka sabon aiki, sai ya lashi kwalbar Baba Garwashi ranar farko, a lokacin cin abincin rana, gaban kowa. Ƙarti majiya ƙarfi sun sha gudu zuwa famfo suna fifita harshe, ana ta sheƙa musu dariya. Shi kuwa sai ya ɗebi cokali cike ya zuba a abincinsa, ya ci ko a jikinsa.

Sai ciwon ciki ya zo. Ya daɗe yana ɓoyewa, har ranar da aka ɗauko shi daga ƙarƙashin mota a dunƙule. Likita ya ce gyambo ne a ciki, kuma barkono na ƙara hura masa wuta, ya bari. Garwashi ya saurara da ladabi, ya karɓi magani, suna fitowa ya ce wa matarsa likitan nan yaro ne, da gani ko attarugu ɗaya bai taɓa gamawa ba. Ta yi roƙo, ta yi kuka, ta kira 'yarsu Auta daga gidan mijinta ita ma ta yi nata. A banza. Ya ce a raba shi da numfashi ya fi masa sauƙi. Daga ƙarshe matar ta share hawaye ta ce, "To, shi ke nan." Ranar hutu ta zagayo, ta tsaya a bakin kicin da robarta kamar kullum.

Ciwon ya lafa, sannu a hankali ya tafi. Wa zai tare bakin Baba Garwashi kuma? Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin yadda ya kayar da likita. Barkono, in ji shi, shi ne maganin, masu karatu ne dai ba su gane ba.

Abu ɗaya ne ya riƙa damunsa. Kwalbar ta daina sa shi gumi. Da farko ya ji daɗi, ya ce harshensa ne ya zama ƙarfe. Da shekaru suka tura, abin ya fara ba shi haushi. Ya ƙara yawan attarugun da yake kawowa, bai ji bambanci ba. Tsohuwar ƙasa ta daina buga silin, ya ce sabo ne. Zuciyarsa ta yi ta neman mai laifi, ta rasa kowa sai Dogo. Wata ranar hutu ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya yi wa abokin nasa wankin babban bargo: macuci, mai haɗa na ƙwarai a sama, ya cusa masa lami a leda in ya juya baya. Mutane suka taru. Dogo bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai yana gyara kwando. Garwashi ya ɗauki shirun a matsayin amsa laifi, ya koma saye a wata rumfa, ya daina ko yi masa sallama.

Asirin ya tonu ne ranar da aka ɗauki wani sabon direba, ƙaton mutum mai yawan surutu. Ya iso daidai lokacin abinci, kafin kowa ya samu damar jan shi gefe. Garwashi ya buɗe kwalba yana murmushin mugunta.

"Bismilla, baƙo. Nan ba a fara aiki sai an gaisa da wannan."

Shugaban gareji ya yi gyaran murya, yana ta ƙifta wa baƙon ido. Baƙon bai lura ba. Ya karɓi cokali, ya lasa, ya tsaya, ya sake ɗiba cike ya haɗiye.

"Kai, da daɗi wallahi," ya ce. "Miyar tattasai ce? Irin wadda nake so a yi wa yarana ke nan."

Garwashi ya ce, "Me ka ce?"

"Na ce da daɗi, Baba. Amma in zafi ake nema, ga tawa." Ya ciro doguwar kwalbar kanti daga jakarsa. Garwashi ya san ta sarai. Ita ce wadda ya ce zafinta a takarda ya tsaya.

Shugaba ya miƙo hannu da sauri. "Baba, bar shi, wasa yake."

Ai kuwa kamar ya zuga shi. Garwashi ya fizge kwalbar, ya tsiyaya cokali fal, ya kai baki.

Abin da ya biyo baya bai kamata a yi wa dattijo a gaban yaransa ba. Wuta ta kama masa harshe, ta bi maƙogwaro, ta fito ta kunne. Shaƙuwa ta sarƙe shi. Hawaye da majina suka haɗu a gemunsa. Shi da ya shekara da shekaru yana kallon mutane suna gudu zuwa famfo, yau shi ne ya kifa kai a ƙarƙashinsa yana haki.

Da ya ɗago, babu mai dariya. Wannan ne ya fi ƙona shi. Da sun yi dariya, da ya san mamaki suke yi. Amma kowa ƙasa yake kallo, har yaran da aka ɗauka bara da bara waccan, waɗanda ya gani da idonsa suna tsalle suna ihun a kawo ruwa bayan sun lashi kwalbarsa.

"Kai," ya nuna ɗaya daga cikinsu, muryarsa a dushe. "Ran nan da ka yi ta birgima a nan, me ya ƙona ka?"

Saurayin ya kalli Shugaba. Shugaba ya shafa ƙeya ya ce, "Baba, Mama ce ta zo da kanta ta roƙe mu. Don lafiyarka ne."

Bai jira a tashi ba. Ya wanke hannu, ya bar mota a kan jak, abin da bai taɓa yi ba, ya kama hanyar gida. Ya tarar da matarsa tana ninke wanki a kan gado. Ya ajiye kwalbar a gabanta, a kan zanin da ta ninke.

"Mene ne a cikin nan?"

Ta dubi jajayen idanunsa, ta dubi kwalbar, ta zauna a bakin gado. Ba ta yi musu ba. Ta ce tun dawowarsu daga asibiti ta fara. Kowane mako ta rage attarugu kaɗan, ta ƙara tattasai kaɗan, yadda harshe ba zai farga ba. Yanzu ƙwaya ɗaya take sakawa, ta cire 'ya'yan, don ƙamshi kawai. Sauran da yake wahalar zaɓowa, maƙwabta take rabawa.

"Maƙwabta ma sun sani ke nan."

"Baban Auta, na ga yadda aka ɗauko ka ran nan. Na roƙe ka, ka ƙi. Me kake so in yi? In zuba ido in soya maka ajalinka da hannuna?"

"Da kin ce ba za ki soya ba. Da kin fasa kwalbar a gabana, mu yi faɗa, in yi fushi in huce." Ya tsaya ya haɗiyi yawu, maƙogwaronsa har lokacin yana raɗaɗi. "Amma ki miƙo mini cokali, in ce hannunki, ki ce zaɓena? Kina kallon idona?"

Nan ta fashe da kuka. A da ko ƙwalla ya gani a idonta sai ya rikice. Yau ya tsaya yana kallonta, yana tambayar kansa ko shi ma kukan an rage masa wani abu an ƙara wani.

Gaskiya ne, matar ce ta cece shi, kuma ya sani. Cikinsa lafiya lau, yana barci, yana aiki. Amma sanin hakan bai rage masa komai ba. An mayar da shi yaron da ake ɓoye wa magani a cikin abinci, gari guda na taya shi wasa. Duk bugun ƙirjin da ya yi a shekarun nan, a gaban mutanen da suka san gaskiya ya yi shi. In ya tuna yadda yake ba da labarin kayar da likita suna gyaɗa kai, sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ranar hutu ya nufi rumfar Dogo. Aƙalla akwai mutum ɗaya da shi ya zalunta, kuma yana so ya sauke wannan. Dogo ya ƙara tsufa, ya ranƙwafa. Garwashi ya tsuguna a gaban kwandon, ya kasa ɗaga kai.

"Dogo, na ci mutuncinka a banza. Barkononka ba shi da laifi. Ka yafe mini."

"Haba, wallahi ban riƙe ka ba," in ji Dogo da sauri, murna ta cika masa fuska. "Ai na san ba laifinka ba ne. Tattasan ma a wurina take saye. Ta ce in rufa mata asiri, shi ya sa ran nan na yi shiru."

Garwashi ya ɗago a hankali ya dube shi. Ya zo da neman gafara a bakinsa, ga shi an karɓa, amma sai ya ji an ƙara masa wani dutse a ƙirji. Mutumin da suka yi samartaka tare ya gwammace a zage shi a tsakiyar kasuwa, ya rasa aboki shekara da shekaru, da ya ja shi gefe ya faɗa masa magana ɗaya.

Garwashi ya jawo kwandon gabansa. Ya zaɓi attarugu ɗaya-ɗaya, mafi ja, mafi ƙamshi. Wannan karon bai gatsa ko ɗaya ba, don ya san abin da zai faru a gaban mutane. Dogo ya so ya tsokane shi da maganar zaɓen mata, ya ga fuskarsa, ya fasa.

Ya hau matattakala da ledarsa. Matarsa na tsaye a bakin kicin da farar robar, idanunta a kumbure. Da ta gan shi ta miƙo ta da hannu biyu, kamar yadda ta saba tun tana amarya. Ya dubi robar. Ya raɓa ta gefenta ya shiga kicin ɗin da bai san inda ake ajiye ko wuƙa ba, ya yi ta buɗe durowa har ya samu. Ya yanka, ya niƙa, ya ɗora mai a wuta. Hayaƙin ya turnuƙe ɗakin, ya shaƙe shi, ya riƙa tari yana share ido da bayan hannu, wanda hakan ya ƙara masa azaba. Can ƙasa, tsohuwa ta fara buga silin da sandarta.

Ya san ko rabin cokali ba zai iya ci ba. Duk da haka ya cika kwalbar har wuya, ya murɗa jan murfin da ƙarfi, ya sa ta a aljihun rigar aikinsa ya ja zif. Yana jin numfashin matarsa a bakin ƙofa, robar na hannunta har yanzu. Bai waiwaya ba.